Ƙusar da Ta Kai Ni Tarabulus

Sunana Gado, maƙeri ɗan maƙeri, mutumin Sabon Birni. Kakana ya ƙera kibau a Alƙalawa kafin a ci ta, ubana cikin gudun hijira anka haife shi, ni kuwa na yi wayo ana ɗora ganuwar garinmu. Abin da ya raba ni da gida har na ga teku bai kai ɗan yatsa tsawo ba. Ƙusa ce.

A zamanin nan ba mu ga maciji da mutanen Isa. Su suna bin Sakkwato, mu Gobirawa mun ƙi bi. In an gama girbi, ko su zo ko mu je. Sarki ya sayi bindigogi hannun fataken arewa, gari ya yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba. Wurin kunamar bindiga da wasu ƙananan ƙusoshi anka ɗaure shi, ba irin namu da ake bugawa ba. Su zare ne da su a jiki, kamar an naɗe su da siririyar igiya, murɗa su ake yi su shiga. In ɗaya ta karye ko ta faɗi cikin rairayi, bindiga ta zama sanda. Mun iya takobi, mun iya mashi, amma wannan ta gagare mu. Na sassaƙa da magagari har idona ya yi ja, ina murɗawa sai ta ɓalle. Matattun bindigogi sunka taru a ɗakin baffana, Sarkin Maƙera, kamar itacen girki. Shi ya ce in bi ayari arewa, kada in komo sai na san yadda ake yin ta.

Agadas ce gari na farko da na shiga babu wanda ya san ubana. Na zaga kasuwa da tsohuwar ƙusa a tafin hannu ina nuna wa mutane. Nan wani dillali mai suna Ila ya same ni, mutum mai zaƙin baki, yana jin Hausa kamar a Katsina anka haife shi.

"Don wannan za ka ƙetare sahara?" ya ce. "Ƙanena, Allah ya hutar da kai. Bayan masallaci akwai mai yin ta."

Ladan kai ni ya karɓi rigunana biyu na saƙi, waɗanda na zo da su don in sayar in yi guzuri. Ya kai ni wurin wani tsoho mai ƙera azurfa, sunka yi magana da yarensu, ya tafi. Tsohon ya ɗauko ƙusa miƙaƙƙiya, ya naɗe ta da siririyar waya, ya liƙe a wuta, ya goge ya miƙo mani. Wallahi ba ka raba ta da wadda na zo da ita. Na riƙa sa mashi albarka, na fara lissafin ranar da za ni ga Inna.

A masauki na ciro kan bindigar da na zo da shi don gwaji, na sa ƙusar, na murɗa. Wayar ta sulluɓe gaba ɗaya kamar maciji ya yi saɓa.

Na koma wurin tsohon raina a ɓace. Ya duba, ya dube ni, ya ce da 'yar Hausarsa, "Bindiga? Shi ya ce mani munduwar amarya kake so ka ɗaure."

Ila kuwa ko ƙurarsa. Na zauna bakin maƙerar na riƙe kai. Tsohon ya yi ta ƙoƙarin danne dariya har ta fi ƙarfinsa, da na ga yadda gemunsa ke rawa ni ma na fashe. Ya ba ni dabino da cuku na ci. Washegari ya kama hannuna ya kai ni wurin madugun wani ayari mai zuwa garin Gat, can cikin sahara, ya ce ga maƙeri mai hannu, ba ya neman komai sai abinci da ruwa. Haka na samu hanya.

Sahara ba a ba da labarinta yadda take. Abin da za ni iya cewa shi ne, na taso inda in ka tona bakin gulbi da hannu ruwa zai fito, ban san ƙishirwa tana sa harshe ya yi kauri ba. Aikina gyaran sirdi da wuƙaƙe da ɗinke salkar ruwa da ta huje. Da ƙafa nake tafiya, don raƙumi na kaya ne. Kafin mu yi nisa diddigena sun tsage, ina taka rairayi ina barin jini.

A cikin masu jan raƙuma akwai wani dattijo Buzu, Agali, siriri kamar kara. Ba ya jin Hausa, ba na jin nasu. Shi ya kwance rawanina ya sake naɗa mani yadda zai rufe baki da hanci. Shi ya riƙe mani wuyan salka ranar da na so in shanye rabona tun da hantsi, ya nuna mani in kurɓa kaɗan in riƙe a baki. Da ya ga ƙafata, ya narka kitse ya cusa a tsagar, ya durƙusar da raƙumarsa ya ce in hau. Shi ya tafi a ƙasa yana ja na, tsoho da ya yi jika da ni.

Mun isa wata rijiya da kowa ya sa rai gare ta, munka tarar iska ta cike ta da rairayi. Madugu ya tuɓe riga ya fara tono da akushi, mu duka munka bi. Ina da wani ruwan fartanya cikin kayana, na ɗaura mashi ƙota na shiga ramin. Rana ta karkata kafin ƙasa ta fara sanyi a hannuna. Ruwan da ya tsattsafo ɗaci ne da shi, ga warin raƙumi, amma ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba. Na fito ramin ina rera waƙar da muke yi in muna bugun ƙarfe, Buzaye suna tafa mani ba su san mi nake cewa ba.

A Gat munka rabu da Agali. Na ba shi wuƙa da na ƙera da kaina, ya ba ni takalmansa. Na zauna garin har zafi ya sauka, ina gyaran kwaɗo da almakashi ina ci. Na tambayi maƙeransu, sunka ce su ma daga bakin teku ake kawo masu ƙusar. Kewar gida a nan ta fi cin raina. In na ji ƙarar taɓarya cikin wani gida sai in tsaya a bakin ƙofa kamar wawa, har mutanen gidan su leƙo.

Daga Gat na bi wasu fatake zuwa Gadamas, garin da anka rufe hanyoyinsa da rufi, kana tafiya da rana tsaka kamar cikin rumbu. Nan wani ɗan kasuwa mai suna Hamid ya ja ni jiki. Ya ce Tarabulus za shi, can bakin teku, ya san maƙeran bindiga duka. Ya ɗora kayana a raƙuminsa, ya riƙa ciyar da ni nama, in na ce na ƙoshi ya ƙara mani. Na ce a raina har yanzu akwai mutanen kirki a duniya.

Ranar da munka shiga Tarabulus bai kai ni maƙera ba. Wani gida ya kai ni mai doguwar katanga. Wani mutum ya fito ya zagaya ni, ya matsa damtsena, ya kama haɓata yana so in buɗe baki. Na taɓa ganin ana yi wa mutane haka a kasuwar garinmu, ban taɓa tunanin yadda suke ji ba sai ran nan. Na fizge, na zaro masabata, gudumar ƙira, daga buhu, na fita titi da gudu ina ihu. Mutane sunka taru, dogarai sunka zo, anka tasa mu ni da Hamid zuwa gaban alƙali.

Hamid ya yi ta zuba Larabci yana nuna ni. Ni Larabcina bai wuce na salla ba. Na karanta Fatiha da ƙarfi don su san ni Musulmi ne, Hamid ya ɗaga kafaɗa ya ce wani abu, mutane sunka yi dariya. Sai na ji murya daga cikin taro, da Hausa, Hausar ma irin tamu.

"Kai mai tsagen ga, wane gari?"

Na waiga. Wani gajeren mutum ne mai faɗin fuska, da allura soke a hularsa.

"Sabon Birni," na ce.

"To. Ni na Kamarawa ne, ƙasar Isa."

Na ce a raina shi ke nan, ta ƙare. Duk faɗin duniya, wanda zai ji maganata sai abokin gaba.

Ya ratso mutane ya durƙusa gaban alƙali, ya yi magana mai tsawo. Alƙali ya tambaye shi, ya amsa. Anka kawo Alƙur'ani ya dafa. Alƙali ya juya ga Hamid ya yi mashi tambayoyi, Hamid ya fara inda-inda. Ba a jima ba anka miƙo mani buhuna, dogari ya nuna mani ƙofa.

A waje na kama hannun mutumin da hannu biyu. "Malam, mi ka gaya mashi?"

"Na ce ɗa ne kai, ba bawa ba. Na ce tsagen ga na gidan maƙera ne da kowa ya sani a ƙasarmu. Na ce maƙwabcina ne kai, tafiyar yini ce tsakanin gonarku da tamu. Akwai ƙarya a ciki?"

"Amma ka san mu da ku..."

"Na sani. Shekarar da na fito kunka kore mana shanu. Wannan shari'a sai mun koma gida. Yanzu zo ka ci abinci, fuskarka ta yi kama da tsohuwar salka."

Sunansa Malam Sambo. Ya je hajji ta Masar, a hanyar dawowa guzuri ya ƙare, ya maƙale a Tarabulus yana ɗinkin aikin riga yana jiran ranar da zai samu abokin tafiya. Ɗakinsa bai fi rumbu ba, ya raba tabarmarsa biyu ya ba ni rabi. Ya ce shekaru ke nan bai ji wanda ya ce "munka" ba, sai ya riƙa sa ni magana don ya saurara kawai. Mukan zauna muna jera garuruwa, Kurawa, Kamarawa, kasuwa kaza, tafki kaza, muna gardamar gefen da gero ya fi zaƙi. Da yamma ya kai ni in ga teku. Na ɗebo da tafin hannu na kurɓa, na tofar, shi kuwa ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Ruwa ya kai wannan yawa, a ce ba a shan shi," na ce.

"Haka malamai da yawa suke," ya ce, yana share hawaye.

Na gaya mashi abin da ya kawo ni, ban ɓoye komai ba. Ya juya tsohuwar ƙusar a hannunsa, sa'an nan ya ce akwai wani da yake ɗinka wa riguna.

Mutumin shi ne Usta Rajab. Usta haka suke kiran gwanin sana'a can. Tsoho ne mai kaurin hannu, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar guduma, don haka kullum da ihu yake magana. Ya dubi hannayena, ya ga ƙunar wuta, ya nuna mani zugazugi. Na yi ta zuga mashi wuta har damina tasu ta shigo, wadda ke zuwa da sanyi, ban taɓa komai ba sai zugazugi da tsintsiya. Amma idona na kan kusurwar shagon, inda abin yake.

Faranti biyu ne na ƙarfe mai tauri, kowane bai fi tafin hannu ba. Fuskar kowane cike take da ƙananan tsagogi a jere, a ɗan karkace, kamar kunyoyin gona. Ɗaya an kafe shi cikin gungumen itace. Ɗayan yana jikin wani ƙarfe mai zamewa gaba da baya, da doguwar ƙota. Ran da na fara ganin Usta ya yi aiki da shi, ya ɗauki guntun ƙarfe mai laushi, sumul, ya sa tsakanin farantan, ya ja ƙotar da ƙarfi sau ɗaya. Ƙarfen ya murza tsakaninsu ya faɗo ta ɗaya gefen da zarensa cif. Na ɗauka, da ɗumi. Na duba ƙasa ina neman garin ƙarfen da ya zube, babu ko ƙwaya. Ba abin da anka yanke. Matse shi anka yi, naman ƙarfen ya tashi da kansa ya bi tsagogin. Na tuna Inna tana gurzar auduga, tana murza ɗan ƙarfe bisa dutse. Duk shekarun nan abin yana tsakar gidanmu, ba mu gani ba.

Usta ya ga bakina a buɗe, ya kira Malam Sambo ya fassara. Ya ce ƙarfe jijiya ne da shi kamar itace. Magagari yanke jijiyar yake yi, shi ya sa ƙusar ke ɓallewa, murzawa kuwa lanƙwasa ta take yi ta ƙara mata ƙarfi. Ya ba ni sassaƙaƙƙiya da murzazziya ya ce in karya. Ta farko ta ɓalle nan da nan. Ta biyu sai da na yi gumi, lanƙwashewa ta yi ba ta karye ba.

Na ce, "Malam, roƙe shi ya sayar mani da farantan. Za ni yi mashi aiki duk tsawon da ya yanka."

Usta ya girgiza kai ya yi ihunsa. Malam Sambo ya ce, "Ya ce in ya ba ka nashi, ran da sunka cinye ka koma inda ka fito. Ya ce ka yi naka."

Nan wahala ta fara. Tsagogin nan da hannu ake fitar da su, ɗaya bayan ɗaya, da siririn magagari, kuma dole tazararsu ta zama ɗaya, karkatarsu ta zama ɗaya, na sama ya dace da na ƙasa. Farantaina na farko ƙusa ta fito kamar akuya ta tauna ta. Na biyu sun yi kyau, na gasa su na tsoma a ruwa don su yi tauri, na ji ƙas, ɗaya ya tsage biyu. Aikin watanni. Na fita bayan shago na zauna cikin yayyafi. Daga nan zazzaɓi ya kwantar da ni, abinci ya ƙi shiga.

Matar Usta, Lalla Zuhra, ban taɓa ganin fuskarta ba, muryarta kawai na sani daga bayan labule. Ta aika a tambayi Malam Sambo mi mutanen ƙasarmu ke ci in ba su da lafiya. Ya ce fura. Ta sa anka zaga kasuwa har anka samo gero wurin fataken kudu. Malam Sambo ya tsaya bayan labule yana koya mata, shi da bai taɓa riƙe taɓarya ba. Abin da anka kawo mani a kwano ba fura ba ce, ba kunu ba ne, ga dabino an dama a ciki, ga nonon akuya. Amma ƙanshin geron ya daki hancina, na riƙe kwanon ina sha hawaye na zuba ciki. Malam Sambo ya karɓa ya kurɓa.

"In matata ta ji na koya wa wani wannan, sai ta bar gidana," ya ce. Ya ƙara kurɓa, bai miƙo kwanon ba sai da na ƙwace.

Na warke na koma. A karo na uku Usta ya tsaya kaina, ya riƙe hannuna ya gyara mani riƙon magagari. Da lokacin tsomawa ya yi, ya ture kwanon ruwa da ƙafa, ya jawo tulun man zaitun. Farantan sunka shiga da hayaƙi sunka fito lafiya. Na kafa su a gungume, na sa guntun ƙarfe, na yi bisimilla, na ja. Ƙusa ta faɗo. Usta ya ɗauka ya kai kusa da ido, ya ɗauko kan bindigar da na yi ta yawo da shi tun daga gida, ya sa ta a raminta. Ta shige sumul har ƙarshe, ya ɗana kunama ta tsaya.

Ban san lokacin da na fita tsakiyar kasuwa ba. Na yi rawar maƙera, ƙura na tashi, masu shaguna sunka fito suna tafi, wani ya ɗauko tire yana kaɗawa. Malam Sambo ya tsaya gefe yana cewa shi malami ne ba ya rawa, kafaɗunsa kuwa suna yi. Usta ya sa anka yanka rago. Bayan nan ya koya mani yadda ake taurara ƙusa guda a fitar da zare cikin rami da ita, ya ba ni magagarai uku na kansa. Ran da za mu tashi ya rungume ni, ya yi mani ihu a kunne, na tabbata addu'a ce.

Dawowa ba ta kai zuwa wuya ba, don mu biyu ne. Farantan na ɗinke su cikin fata na rataya a ƙirji. Malam Sambo ya zama limamin ayari, ni maƙerinsa. A Agadas na nemi tsohon nan mai azurfa na murza mashi ƙusoshi cike da tafin hannu, ya yi ta juya su yana salati. Da munka bar Azbin, ciyawa ta fara bayyana, munka ga kukar farko, Malam Sambo ya sauka ya rungume ta.

A nan ne, muna tafe gefe da gefe, ya ce, "Gado, ka san inda za a nuna bakin bindigogin nan."

"Na sani, Malam."

"Ina da 'ya'ya maza a Kamarawa. Yanzu sun isa fita yaƙi."

Na ce, "Ka san haka tun ran da ka kai ni wurin Usta."

"Na sani. Na ga yaro ya ƙetare sahara don ubanninsa sun aike shi. In hana ka, in ce na yi mi?" Ya kaɗa raƙuminsa. "Ban gaya maka don ka jefar da su ba. Na gaya maka don ka sani."

Hanya ta Sabon Birni ta fara biyowa, don haka tare munka shiga. Mai tsaron ƙofa ya dube ni ya sake duba, ya jefar da mashinsa ya ruga cikin gari. Kafin in kai unguwar maƙera mata sun cika hanya da guɗa. Ashe an ɗauka na mutu, an daɗe da yi mani sadaka. Inna ta fito ba kallabi, ta shafa fuskata da hannu biyu kamar makauniya, tana ta kiran sunana.

Da hayaniya ta lafa baffana ya dubi baƙon da ke tsaye bayana. "Wannan fa?"

"Baffa, Malam Sambo ne, mutumin Isa."

Kowa ya san ƙanen Inna a hannun mutanen Isa ya mutu. Na tsaya a tsaye na ba da labarin gaban alƙali daga farko har ƙarshe. Da na gama, baffa ya tashi daga buzunsa ya ce malam ya zauna a kai. Inna ta miƙe. Ta shiga ciki, ta fito da ƙwaryar fura da ludayi sabo, ta ajiye gabansa da hannunta. Ya sha, ya lumshe ido, ya ce, "Inna, yau na dawo daga hajji."

Ya kwana biyu a gidanmu yana hutawa. Ni kuwa na kafa farantai, maƙera duka sunka kewaye ni, tsofaffi suna ture juna kamar yara. Kowa sai ya ja ƙotar da hannunsa ya gani. Munka gyara bindiga ta farko, baffa ya ce da safe za a kai ta ƙofar fada a gwada gaban Sarki, ni ne za ni riƙe ta.

Malam Sambo ya ja ni gefe ya ce shi da safen zai wuce. Na gane. Na gaya wa baffa ya kai bindigar da kansa, ni ina da rakiya.

Inna ta ɗaure mashi gumba, baffa ya ba shi jaki. Munka fita ta ƙofar kudu rana na fitowa, gero ya fara fitar da kai ko'ina. Ya yi ta ba ni labarin yadda zai shiga gida, ko ya yi sallama kamar baƙo ya ga wa zai gane shi. Munka kai mashigin gulbi, inda namu ba su wucewa. Ya naɗe wandonsa, ya kama igiyar jaki.

Sai munka ji ta daga bayanmu. Ƙara ɗaya, mai kauri, ta bi ruwa. Tsuntsaye sunka tashi. Bayanta guɗa da tambura, gari duka ya ɗauka.

Malam Sambo ya karkata kai yana saurare, kamar yadda Usta ke yi da kunnensa mai ji.

"Aikinka ya yi kyau, maƙeri," ya ce. Ya yi murmushi. "Allah shi sa ta riƙa kuskure."

Na ce amin. Ni Bagobiri, jikan maƙeran Alƙalawa, na ce amin, kuma har cikin raina na faɗe ta. Ya shiga ruwa yana jan jakinsa, ina tsaye har ya hau wancan gefe ya ɗaga mani hannu.